Takardar da Na Naɗe Alawa da Ita

Ba sallar da za ta zo ta wuce ba ku ba da labarin nan ba. Da an ci tuwo an baje a tsakar gida sai ɗayanku ya ɗauko shi, yawanci ke Ladidi, da yake ke kika fi kowa iya kwaikwayon muryata. Wai Inna ta naɗe alawa da takardar makarantar Yaya don ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Ku yi dariya, ku ce Allah sarki, jahilci bai yi ba. Har jikokina sun haddace. Ni kuma ina gefe ina jan carbi, ban taɓa cewa uffan ba. To yau hannuna ya iya riƙe biro, ko da yake a karkace nake rubutu, kuma ba na son in mutu ku ci gaba da yi wa ƙarya dariya. Na naɗe alawa da takardar, wannan gaskiya ne. Amma na san abin da ke cikinta. An karanta mini ita tun daga sama har ƙasa, sau biyu. Ku zauna ku ji yadda aka yi, in kun gama ku yanke mini hukuncin da kuka ga dama.

Shekarar ce babanku ya faɗi a gona, can bayan ƙauyenmu Fassi, ana noman farko. Da ƙafarsa ya fita, a kan amalanke aka dawo da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu, bakinsa ya karkace. Ku shida ne a lokacin, Auta yana goye. 'Yan'uwansa sun yi abin da za su iya, sun yi mana gayya sau ɗaya, daga nan kowa ya koma kan tasa gonar, ban kuma ga laifinsu ba. Ciyawa ta cinye rabin geron. Kafin a kai tsakiyar damina na leƙa rumbu na ga ƙasansa. Abin da na iya a duniya bayan tuwo da miya shi ne alawar madara, wadda na koya a wajen kakata. Akwai wata Bafillatana, Hajjo, daga rugar da ke wajen Fammar, ita ke kawo mini ɗanyar madara da sassafe. In zuba a tukunya da sukari, in yi ta juyawa da muciya har kafaɗata ta ƙage, sai ta yi kauri ta fara barin jikin tukunya, in juye a tire, in murza da kwalba, in yayyanka da wuƙa. Amma a ƙauye wa zai sayi alawa da damina, kowa na neman abin da zai sa a tukunya? Sai ta kwana uku a faranti ƙuda na bi.

Yayanku, wanda nake kira Babba tunda ɗan fari ne ba na faɗin sunansa, ya gama aji uku na ƙaramar sakandare a Kibiya, ya rubuta wata jarrabawa ta shiga makarantar kwana, yana zaman jiran sakamako. Shi ya kawo shawarar da bakinsa, kada wani ya ce ni na kore shi. Ya ce akwai 'yan Rano da ke sayar da kayan zaƙi a cikin motocin haya a Kano, kuma Baffanku Sule yana da zaure a Unguwa Uku da zai riƙa kwana. Na ce to, kafin sakamako ya fito. Haka na ce, kafin sakamako ya fito. Duk ranar Talata ina ba wani direba ɗan garinmu kwali ya kai masa, ranar Juma'a shi kuma ya zo gida ya kwana ɗaya. Tun daga makon farko muka koma ɗora tukunyar tuwo sau biyu a rana. Maganin babanku ma daga jikin tiren nan yake fitowa.

Sai na gaya muku yadda nake naɗi, don a nan maganar take. Ban taɓa sa alawata a leda ba, tana zufa ta yi danƙo. Da tsofaffin littattafan rubutunku nake naɗewa. In ninka shafi, in bi da wuƙa, ya fita gida takwas, in ɗora alawa a tsakiya, in naɗe, in murɗe bakin nan da bakin can. Takarda mai laushi kaɗai ke yi. Bangon littafi da duk wata takarda mai kauri gefe nake jefarwa a hura wuta, don ba ta murɗuwa, in ka matsa mata ta tsage, in ka sake ta ta warware. Ba wanda ban koya wa wannan ba a gidan nan. Ladidi, kin sha dukan bayan hannu a kai. Babba ne ya fi kowa iyawa, ko ido a rufe yana taɓa takarda ya san ta naɗi ce ko ta murhu.

Sau ɗaya na ga aikin nasa da idona. Na shiga Kano karɓo maganin babanku, ya tare ni a tasha da tirensa a kafaɗa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, silifas ɗinsa an ɗaure da waya. Ya ce in shiga wata bas mai zuwa Bata, layinsa ne, amma in zauna a baya kada in nuna na san shi, don in kwandasta ya gane da uwarsa a ciki zai yi ta yi masa tsiya. Na zauna a lungu. Tashar cike take da irinsu, wannan da biskit, wannan da cingam, wancan da ruwan leda, 'yan mata suna bin tagogi, samari suna kokawar ƙofa. Mota na tashi ya ɗafe, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a iska, hannu ɗaya a ƙarfen ƙofa, ɗayan ya miƙa tire ta saman kawunan mutane.

"Alawar madara! Ta shanu ce, ba ta gwangwani ba. Hajiya, a yi wa yara tsaraba. Alhaji, a sa wa baki daɗi, rana ta yi zafi."

"Kai ɗan Kibiya, haƙƙina," in ji kwandasta. Bai ko dube shi ba ya jefa masa guda biyu a aljihu. Kuɗin motarsa ke nan.

Wani mai babbar riga ya ture tiren da gwiwar hannu. "Matsa mana, kana ta ɗiga mini gumi a hula."

"Yi haƙuri, Alhaji, gumin kyauta ne, alawar ce ta sayarwa."

Aka yi dariya, har mutum biyu suka saya. Ni ban yi dariya ba. Matar da ke kusa da ni, mai ƙamshin turare, ta karɓi guda uku, ta juyo ta dube ni.

"Wallahi iyayen yaran nan ba su da imani. Yaro kamar wannan ai a aji ya kamata a gan shi."

Kun san ni. Ba a taɓa gaya mini magana na haɗiye ba, ko a gidan miji ko a gidan ubana. Ranar na haɗiye. Muna isa Gyaɗi-Gyaɗi, motar ba ta gama tsayawa ba ya dira, ya yi taga-taga, ya ratsa tsakanin motoci da gudu ya ɗafe wata mai komawa. Haka yake yi tun hantsi har magariba. Na faɗi wannan ne don kada ku ce ban san irin aikin da na bar shi a ciki ba. Na sani. Na gani.

Bayan nan da mako biyu, ranar wata Lahadi da hantsi, ina tsakar juya madara aka yi sallama a zaure. Malam Tukur ne, malaminsu na lissafi, ya zo a kan kekensa tun daga Kibiya, bakinsa har kunne. Da yake maigida na kwance, ni na yafa mayafi na fita. Ya zaro wata farar takarda mai kauri, da tambari shuɗi a ƙasanta.

"Inna, albishirinki. A duk ajinsu shi kaɗai ya ci. Makarantar kwana ta kimiyya. Irin su ne ke zama likitoci."

Na ce ya karanta mini. Ya karanta da Turanci ya fassara. Na ce ya sake. Ya sake. Za a je da wannan takarda a hannu cikin mako biyu, da katifa da bokiti da kayan sawa kala biyu. Wanda bai je ba a ba wani gurbinsa. Shekara uku, ba ya zuwa gida sai hutu.

"A adana ta sosai, Inna, kada ruwa ya taɓa ta."

Na ce to, Allah ya saka da alheri. Na koma na tarar madarar ta kama ƙasan tukunya.

Na sa takardar a cikin kwalla, ƙarƙashin zanin aurena. Ba katifa da bokiti ne suka dame ni ba, waɗannan da na sayar da tunkiyata an samu. Shekara ukun ce. In ya sauka daga motocin nan wa zai hau? Ladidi shekararki goma sha biyu, ba zan kai ki zauren Baffa Sule ki kwana cikin ƙarti ba. Mai bi miki shekararsa tara. Na wuni na kwana ina juya abin, ina juya madara. Babanku yana ɗaki, kunnensa ras, ya ji duk abin da aka faɗa a zaure. Ranar Litinin da la'asar ina ba shi kunu a cokali ya riƙe mini hannu da hannunsa mai rai. Magana tana yi masa wuya, sai ya tattaro ta kamar mai ɗaga dutse.

"Ba shi."

Na yi kamar ban ji ba.

"Takardar. Ba shi."

Na ajiye kofin. Na ce, "In na ba shi, kai wa zai ba ka? Tashi ka je gonar in gani. Tashi mana."

Wannan ita ce magana mafi muni da na taɓa faɗa wa mutum, kuma na faɗa wa wanda ba zai iya ramawa ba. Ya saki hannuna, ya ja jikinsa da ƙyar ya fuskanci bango. Kunun nan bai ƙarasa sha ba.

Washegari Talata, ranar kwali. Da asuba, kafin ku tashi, na ɗauko takardar. Na yi tunanin in jefa ta a murhu, sai na ga in Malam Tukur ya tambaya ba ni da amsa. In kuwa na naɗe alawa da ita, ai kowa ya san ban yi boko ba, kowa ya san duk takardar da ta shigo gidan nan a tire take ƙarewa. Kun ga ba ruɗewa na yi ba, da hankalina na zauna na shirya. Na ninka ta, na bi da wuƙa, gida takwas. Ta ƙi murɗuwa, kamar yadda na san za ta ƙi. Sai da na tsoma yatsa a ruwa na jiƙa bakunan sannan suka kama. Na cusa su cikin sauran, na ɗaure kwali, na kai wa direba da kaina.

Ranar Juma'a ya zo. Bai tsaya gaisawa da mutanen ƙofar gida ba. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yan guntaye uku, duk sun sha maiƙo, ya jera su a kan tabarma. Ya ce wani fasinja ne ya warware alawarsa a wajen shataletalen Dangi, ya tsaya yana duba takardar, ya tambaya ko waye mai wannan suna, ai takardar samun makaranta ce. Ya zazzage tiren a bakin titi ya sami biyu. Sauran biyar sun bi mutane, wa ya san inda aka yar da su.

"Inna, Malam Tukur ya zo?"

"Ya zo. Ya kawo wata takarda. Na ɗauka irin tsofaffin nan ne."

Ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba, ni ma na dube shi. Sai ke Ladidi kika ɗora hannu a ka kika fashe da kuka.

"Wayyo Yaya! Inna ba ta iya karatu ba, wallahi ba ta sani ba!"

Ke kika haifi labarin nan, 'yata, da zuciya ɗaya, ni kuma na raine shi.

Baffanku Sule da ya ji ya ce a je ofishin ilimi a nemi wata, ai suna yana cikin rajista, kuma da sauran mako guda. Gaskiya ya faɗa, da an je da an samu. Malam Tukur ma ya sake tako kekensa ya zo ransa a ɓace. Babba ne ya tare shi a zaure. Ina bayan ƙyaure ina ji.

"Malam, a bar shi kawai. Ni dama karatun ya fita raina. Na saba da kasuwa."

"Kai ne za ka gaya mini haka? Kai da kake bina har gida da tambaya?"

"A yi haƙuri, Malam."

Da zai tafi na fito. Malam Tukur ya dube ni, shi da ya karanta mini sau biyu. Ya juya ya hau kekensa. Har aka yi masa canjin wurin aiki bai sake gaishe ni ba, bai kuma tona ni ba. Ranar Asabar Babba ya ɗauki kwali da kansa ya koma Kano.

Shekara shida ya yi a ƙofar mota. Babanku ya cika a shekara ta biyu, bai taɓa tayar da maganar ba, amma tun daga ranar kunun nan in zai sha magani sai dai Ladidi ta ba shi. A shekara ta huɗu wani direba ya fizgi mota Babba bai gama ɗafewa ba, ya faɗi a kan gwiwa. Ɗingishin da 'ya'yanku ke kwaikwaya ke nan, ku kuma kuna jinsu ba ku hana su. Da adaidaita sahu ta cika gari bas ta ragu, sai ya kafa tebur a bakin tasha, teburin ya zama ɗan shagon da kuka sani. Ku biyar duk kun yi makaranta. Ladidi kina duba masu haihuwa a asibiti, Auta yana koyarwa, sauran kowa da abin yinsa. Da wane gumi? In an taru kuna Turancinku yana gefe yana murmushi, kuna ce masa Yaya ɗan kasuwa. Na taɓa jin ɗayanku, ba zan faɗi suna ba, yana ce masa ai wannan maganar ta 'yan boko ce, ba zai gane ba. Ranar ban ci abinci ba.

Na haura hamsin lokacin da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a Rano, bayan mun dawo nan da zama. Kun ɗauka sha'awa ce ta kai ni, ko kishin maƙwabta. Ba haka ba ne. Na gaji ne da ɓuya a bayan rashin sani. Na ce in na iya karatu, ba ni da sauran wurin ɓuya, ko ba komai zan fuskanci abin da na yi. Shekara biyu ina zama a kan benci da 'yan matan da na yi jika da su, idona na ruwa, malama tana kama mini hannu. Babba ne ya sayo mini littafi da fensir da tabarau. Duk zuwansa sai ya ce in karanta masa abin da ke jikin kwalin shayi, in ina tuntuɓe ya gyara mini a hankali, ba ya dariya.

Ranar da aka ba mu takardar shaida ya zo daga Kano. Bayan la'asar, gidan ba kowa, ina shara. Ya zauna a bakin rijiya ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, ya zaro wani tsohon gwangwanin mentileta ya miƙo mini.

"Inna, ga jarrabawar ƙarshe."

Na buɗe. Guntayen nan uku ne, sun yi ja, maiƙon ya mai da su kamar fata. Na sa tabarau. Ɗaya rabin tambari ne, ɗaya Turanci ne da ban gane ba. Na ukun layi ɗaya ne da manyan baƙaƙe, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sai da na kai ƙarshe na gane sunansa ne. Na ajiye tsintsiya na zauna a ƙasa.

Na ce, "Babba, akwai maganar da zan gaya maka."

"Na sani, Inna."

"Ba ka sani ba. Bari in faɗa."

"Tun a bakin titi na sani. Ina taɓa ta na ji kaurinta. Ke da kike dukan hannunmu a kan bangon littafi? Har jiƙa bakin kika yi don ta murɗu, na ga alamar ruwan."

Shekara ashirin da wani abu. Yana zaune a tsakar gidan nan duk sallah kuna ba da labarin, har shi ma yana taya ku dariya.

Na ce, "To don me ka yi shiru? Don me ka kori Malam Tukur?"

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. "Ai na ga rumbun, Inna. Ni ke sayo maganin Baba, na san abin da ake ciki." Sannan ya ƙara, muryarsa ba faɗa a ciki, gajiya ce kawai. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da kin miƙo mini ita a hannu kin ce, Babba ga ta, amma ka dubi gidan nan, wallahi da na zauna. Da ni na ajiye ta da kaina."

In aka mayar da ni shekarar nan, da rumbun nan, da ku shida, ban san ko zan bar shi ya tafi ba, ba zan yi muku ƙaryar cewa zan bari ba. Amma da na tambaye shi. Abin da ya rage masa ke nan a lokacin, ya bayar da kansa, shi ma na ƙwace. Na roƙi gafararsa ranar, ya ce ba komai, ya tashi ya ɗebo mini ruwan alwala. Babanku kuwa sai dai in mun haɗu a can.

Gwangwanin yana cikin kwallata, ƙarƙashin zanin nan dai. In na mutu a mayar masa. Sallah mai zuwa kuma kada wanda ya ɗauko labarin nan a tsakar gidana, in kuwa za a ba da shi a ba da shi daidai. Ku hana 'ya'yanku kwaikwayon tafiyarsa. In ya shigo ku tashi ku ba shi kujera.

Tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, haka muka tarar ana yi, uwa tana kunyar ɗan fari. Ranar ma a bakin rijiya a zuci na karanta. Amma wanda ya ci jarrabawar nan shi kaɗai a ajinsu yana da suna, na kuma yanka shi da wuƙa na watsa a motocin Kano. To ga shi na mayar, da hannuna, baƙi bayan baƙi.

Rabilu Idrisu Fassi.